INA SAURAN 'YAN AJINMU?

Wannan shi ne jawabin da wani dattijon ikkilisiya, malamin makaranta mai ritaya, ya gabatar a zaman share fage na tsofaffin ɗaliban wata makarantar mishan ta ƙasar Zazzau, 'yan ajin da suka gama a 1972. Mun buga shi da izininsa.

  

Kwamiti ya ɗora mini aikin nemo 'yan ajinmu domin a sanar da su babban taron da za mu yi a watan Disamba in Ubangiji ya yarda. Na yi wata huɗu a kan wannan aiki, wani ta waya, wani ta hannun 'ya'yansa, wani kuwa sai da na shiga mota na je har ƙofar gidansa. Rahoton wannan yawo ne na kawo muku, tare da roƙon da zan yi a kansa.

Saboda matasan da na gani a baya can, bari in ɗan faɗi ko mu su wane ne. Mun shiga aji ɗaya a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, shugaban ƙasa kuwa a lokacin Yakubu Gowon ne, wanda ya tashi a Wusasa. Da fam da sule iyayenmu suka biya kuɗin makaranta, da yawansu sai da suka jira cinikin gyaɗa ko auduga. Shekarar da muka gama, watau 1972, ita ce shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, a cikinta ne kuma gwamnatin Jihar Tsakiyar Arewa ta karɓi makarantun mishan. St. Paul's ta Zariya ta koma Kufena, St. John's ta Kaduna ta koma Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Da Janairun 1973 ya kama, aka daina fam aka shiga naira. Saboda haka komai ya sāke a kanmu lokaci ɗaya: hanya da kuɗi da sunan makaranta.

Kuma ba daga sama muka faɗo ba. Likita Mila na mishan ɗin CMS ne ya fara makaranta a cikin birnin Zariya, daga baya aka tashi aka koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa irin ginin Hausawa a 1929. A 1932 aka sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Daga wannan tushe aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Da sunayensu malamanmu suke yi mana gori duk ranar da muka faɗi jarrabawar lissafi.

To, yanzu ga abin da na tarar.

Kowace waya na buga, minti goma na farko na asibiti ne. Wannan hawan jini, wancan ciwon suga, wani an cire masa yanar ido, wani gwiwa ta ƙi. Wanda ya fi mu gudu duka, wanda ba a taɓa cin sa a mil guda ba, yau da sanda ya fito ya tarye ni. Mai buga mana ƙararrawar tashi da ƙarfe biyar da rabi kuwa, yanzu sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, na ce masa alhakinmu ne ya kama shi. Bayan asibiti sai jikoki, bayan jikoki sai a tambayi wanda ya mutu. Na yi dariya a watannin nan fiye da yadda na yi a shekara goma, ba zan ɓoye muku ba. Akwai wanda muka rabu tun ranar da muka ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe, amma ina cewa “salama” ya kira ni da sunan tsokanar da matata ma ba ta sani ba, kuma ba za ta ji shi a bakina yau ba.

Amma ba kowa ne ya yi murna da jin muryata ba. Wasu da na ambaci taro sai su yi shiru, sa'an nan su ce za su duba. Na koyar shekara 35, na san “zan duba” na yaron da bai yi aikin gida ba.

Ɗaya daga cikinsu na je na same shi a Kaduna. Ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri fiye da shekara ashirin, har ya zama shugaban sashe. Kun san yadda masaƙun nan suka rufe ɗaya bayan ɗaya tun daga wajen 2002. Tasu ta rufe, aka ce su je gida za a kira su, har yau bai karɓi haƙƙinsa ba. Ɗaki biyu yake haya, matarsa tana sayar da itace da gawayi a ƙofar gida. Wannan mutum shi ne yake koya wa rabinmu lissafi da fitilar ƙwai bayan an kashe wuta. Ya ce mini, “Malam, in zo in zauna kusa da masu direba, a tambaye ni me nake yi yanzu, in ce me?” Ban sami amsar ba shi ba a ranar. Ku nake so ku ba shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka kawo dokar fansho ta 2004, wadda ma'aikaci da mai ba shi aiki suke tara kuɗi a asusu, 'yan aji ɗaya suka rabu gida-gida. Wani ya fita a tsohon tsari, wani a sabo, wani kuwa jiharsa ta sa shi a tsakiya, ba ya nan ba ya can. Akwai wanda yake shiga mota da ciwon baya ya je layin tantancewa domin kawai ya nuna bai mutu ba. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kun ga yadda kuɗin mota da na magani suka tashi. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, amma a cikin waɗanda na yi magana da su akwai wanda fanshonsa bai kai rabin wannan ba. Sa'an nan mu kuma muka zauna a zaman da ya wuce muka yanka wa kowa kuɗin taro, muka ƙara da kuɗin anko, muka ce a kama babban zaure a otal. Ba da mugun nufi aka yi ba, na sani. Amma wanda fanshonsa na wata guda bai biya anko ba, mun riga mun gaya masa ya zauna a gida ba tare da mun buɗe baki ba.

Dattawa, in kun koma gida ku sāke karanta wasiƙar Yaƙub sura 2, inda yake faɗakar da ikkilisiya game da ba mai tufafi masu tsada wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye. Roƙona shi ne a soke anko. A bar kuɗin taro a buɗe, kowa ya sa abin da ya iya a ambulan marar suna, ma'aji kaɗai ya ƙirga. A bar otal, a roƙi zauren majami'a ko na makaranta, abin da ya ragu a biya wa na nesa kuɗin mota. Kada kuma a yi babban tebur. A makaranta tebur ɗaya muka ci tuwon dawa da miyar kuka, da wake mai ƙwari, ba wanda aka zuba wa nasa dabam. Wanda ya zo da direba, Allah ya ƙara masa, amma direban ya ajiye shi a bakin ƙofa ya shigo da ƙafarsa kamar kowa.

Magana ta gaba ta fi wannan nauyi, na kuma san ba dukanku za ku ji daɗinta ba.

A ajinmu akwai Musulmi. Iyayensu suka kawo su daga Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni domin sun yarda da karatun makarantar. Ɗaki ɗaya muka kwana. Da azumi mukan ajiye musu abincinsu har faɗuwar rana, su kuma da Kirsimati har gidajenmu suke biyo mu. Da aka ba ni takardar sunayen da zan nema, sai na ga babu sunansu ko ɗaya. Na tambaya, aka ce ai za a buɗe taro da sujada, kada a takura musu. Wani kuma ya faɗa mini gaskiyar da ke ransa, ya ce bayan abin da ya gani ba zai iya cin abinci da su ba.

Ban raina wannan magana ba. Na san abin da ya faru a watan Maris na 1987, lokacin da rikicin Kafanchan ya bazu har Zariya da Funtuwa aka ƙone majami'u. Na san Fabrairun 2000 a Kaduna, da Nuwamban 2002, da Afrilun 2011 bayan zaɓe. A cikin ɗakin nan akwai wanda ya binne ɗansa, akwai wanda ya bar gidan da ya gina da guminsa ya haye kogi da kayan jikinsa kawai. Tun daga lokacin garin Kaduna ya rabu, mu muka taru a Sabon Tasha da Narayi da Television, su suka taru a Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Jikokinmu da nasu ba su san juna ba, abin da kowa ya sani game da ɗan'uwansa a bakin mutane ya ji shi.

Duk da haka na neme su, ban kuwa nemi izinin kwamiti ba. Na sami uku. Ɗaya ya yi kuka a waya. Ɗaya ya ce shekara da shekaru yana jin labarin muna haɗuwa a wurin biki da jana'iza, yana cewa ko mun manta da shi ne. Na ukun, wanda yanzu Alhaji ne mai jikoki goma sha, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba: a rikicin 2000 ya ɓoye iyalin wani maƙwabcinsa Kirista a ɗakin matarsa kwana uku, shi ma kuma an ƙone shagon ƙaninsa a ɗaya gefen garin, an kashe yaron shagon. Bai faɗa don in yabe shi ba, hira ce ta kawo. Ya tambaye ni ko har yanzu muna rera waƙoƙin safiya na Littafin Waƙoƙi, ya ce wani lokaci yakan ji muryarsu a kansa yana cikin aiki.

Mu Masihiyawa, musamman mu Hausawa da Fulani masu bi, mun fi kowa sanin zafin a ce maka ba ka cikinmu. A garinmu a ce mun bar addinin mutane, a wani wurin kuma 'yan'uwanmu masu bi su ji Hausarmu su yi mana kallon baƙi. Wanda aka yi wa haka bai kamata ya ɗauki alƙalami ya soke sunan wanda suka yi shekara biyar suna cin tuwo a tebur ɗaya ba. Ba na cewa a fasa sujada. Za mu yi sujadarmu ta godiya da safe, wanda ya ga dama ya shigo, wanda bai ga dama ba ya same mu a wurin cin abinci, a kuma tanadar musu ruwa da tabarma da wurin salla. Wanda zuciyarsa ba ta kai ba tukuna, ba za a tilasta masa gaisawa da kowa ba, amma kada ya hana a gayyace su.

Akwai kuma ɗan'uwanmu guda da aka yi masa baftisma tare da mu, daga baya ya musulunta. Iyayenmu Fastoci, na bar muku wannan ku yi tunani, amma ni dai na riga na ba shi ranar taro.

Sai matan 'yan'uwanmu da suka riga mu tafiya gida. Mun je jana'iza, mun yi alkawari a bakin kabari, daga nan shiru. Wata ta ce mini tun ranar da aka kwashe rumfar makoki ba wanda ya taka gidanta daga cikinmu, ga shi dangin mijin sun karɓe gonar. Ku tuna da Sarki Dawuda a littafin Sama'ila na biyu sura 9. Bai jira wani ya kawo kuka ba, shi ya aika a bincika ko akwai wanda ya ragu daga gidan abokinsa Yonatan, aka samo masa gurgu a wani ƙauye, ya sa shi ya riƙa ci a teburinsa. Ina roƙo a rubuta wa kowace gwauruwa takardar gayyata da sunanta, a karanta sunan mijinta a sujada, a kuma zaɓi mutum biyu da za su zauna da dattawan ikkilisiyar waccan 'yar'uwa a kan zancen gonar kafin damina.

Abu na ƙarshe ƙarami ne. Duk mai tsohon hoto ko takardar sakamako ko bajen makaranta ya zo da shi, jikokinmu za su ɗauka da waya su mayar masa da abinsa.

Akwai mutum shida da har yanzu ban sami labarinsu ba. Na rubuta sunayensu da garuruwan iyayensu, takardar tana wurin magatakarda a bakin ƙofa. Biyu daga ƙasar Kataf suke, ɗaya daga wajen Kafur, ɗaya an ce an gan shi a Minna shekarun baya, sauran biyun ko jita-jita babu. Duk wanda yake da ɗa ko suruki ko Fasto a waɗannan wurare, ya duba takardar kafin ya fita, ya sa hannu a gefen sunan da zai nema. Ni zan koma Kakuri ranar Asabar mai zuwa, ina kuma so in tafi da amsar wannan zama game da anko da kuɗin taro. Shugaba, ina roƙo a yanke maganar yau kafin a rufe da addu'a.

Ubangiji ya kai mu Disamba lafiya.