Awon Haikali da Awon Gona: Wahayin Ezekiyel da Darasin Bakolori



Ezekiyel firist ne da aka kwasa zuwa Babila a shekarar 597 kafin Miladiyya. Bayan an rushe Haikalin Urushalima, sai ya ga wahayin wani sabo, wanda ya cika sura ta 40 zuwa ta 48 ta littafinsa. A ciki wani mutum ya zaga da shi, riƙe da sandar awo mai tsawon kamu 6.

Fasalin ginin ba zai zame wa Bahaushe baƙo ba. Kamar yadda ake bi ta zaure da shigifa kafin a kai cikin gida, haka mai shiga zai hau matakala 7 zuwa farfajiyar waje, sa'an nan 8 zuwa ta ciki. Ƙofofi suna gabas da arewa da kudu, yamma kuwa babu. Katanga ta raba tsattsarkan wuri da na kowa.

To, amma awon bai tsaya ga gini ba. Ruwa ya ɓuɓɓugo daga ƙarƙashin dokin ƙofa, aka riƙa auna shi bayan kowane kamu 1,000: idon sawu, gwiwa, ƙugu, har ya zama sai da iyo. Aka kuma tsara rabon ƙasa tsakanin kabilu, har baƙo ya sami nasa. Sarki ma an yanka masa rabonsa, aka hana shi korar talaka daga gādonsa.

Wannan batu na ruwa da gādo, manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san shi. An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ruwa ya cinye gonaki, aka sāke yanka waɗansu domin noman rani. Da manoma suka tsare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka far musu a Afrilun 1980, aka yi asarar rayuka.

Ba a taɓa gina haikalin Ezekiyel ba, amma ƙa'idarsa tana nan. Ɗalibin da zai zama injiniya, da ma'aikacin da ke riƙe da taswira, su lura: sandar da ta auna bango da ruwa, ita ce ya kamata ta auna haƙƙin mai gona da iyakar mai mulki.