Gardenal da halin ƙannenmu

 

Maganata kan wata ƴar farar ƙwaya ce da da yawanmu muka taɓa gani a ɗakin inna: Gardenal. Sunanta a likitance fenobarbital, daga dangin magungunan barbiturik masu kwantar da ƙwaƙwalwa. Tsohon magani ne, tun 1912 aka fito da shi a Jamus, kuma har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, don yana tsayar da farfaɗiya kuma ba shi da tsada. Ban zo in ɓata shi ba, ya ceci yara da yawa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Babba in ya sha, jikinsa mutuwa yake yi, ya ji barci. Wasu yara kuwa akasin haka suke yi: ƙiriniya, saurin fushi, kuka ba dalili, rashin barcin dare, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Na ga wannan a gidanmu. Ƙanena yana shekara shida aka ɗora shi kan maganin. Faɗuwar ta tsaya, alhamdu lillahi, amma yaron da ke zama shiru da allonsa ya koma dukan ƴan uwansa. Mushe ya aiko daga lakwal cewa ba ya zama a aji. Kaka ta ce iska ce. Baba ya ce sangarta ce, ya ɗauko bulala. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na mare shi ba sau ɗaya ba. Wata huɗu muna haka, ba wanda ya tuna da ƙwayar, sai da muka koma asibiti likita ya tambaya: yaushe halin ya sake? Ya auna nauyinsa, ya gyara adadin, daga baya ya sauya masa wani magani sannu a hankali.

Ku riƙe kalmar nan, sannu a hankali. Tsayar da Gardenal dare ɗaya na iya tayar da jijjiga mai tsawo wadda ke iya kisa. In kun ga halin yaro ya juya, kar ku ce wa inna ta daina ba shi. Ku rubuta ranar da ya fara sha da abin da kuke gani, ku raka ta wurin likita. Mu ne masu karatu a gidajen nan, wannan aikinmu ne.

Sannan ba maganin sa yaro barci ba ne don ya dame mu da kuka. In ya yi yawa, numfashi yake dannewa. Na masu talla bisa tire cikin rana kuwa, ba ka san ma abin da ke ciki ba. Yaron da zafin masassara ya sa shi jijjiga, a fara kai shi a gwada jininsa, sau da yawa zazzaɓin sauro ne ke buƙatar magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.