Farfaɗo da Waƙoƙin Gargajiya a Amurka da Siyasar da ke Cikinsa



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda waƙoƙin talakawan Amurka, waɗanda a dā ba a jin su sai a gona da coci da gidan yari, suka shigo birni har suka zama makamin siyasa. Zan nuna cewa siyasar da ke cikin wannan al'amari iri biyu ce, wato akwai ta fili, akwai kuma ta ɓoye.

Mu fara da tushe. A 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, wani manazarci mai suna John Lomax da ɗansa Alan suka zagaya jihohin kudu da na'urar ɗaukar murya, suna tattara waƙoƙi domin ajiyewa a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. A wani kurkuku na jihar Louisiana suka tarar da Huddie Ledbetter, baƙar fata mai kaɗa jita, wanda aka fi sani da Lead Belly. A wannan zamani ne kuma Woody Guthrie, mutumin Oklahoma, ya riƙa waƙe wahalar manoman da fari da guguwar ƙura suka raba da gonakinsu.

To, sai matasan birni masu ilmin zamani, irin su Pete Seeger, suka ɗauki waɗannan waƙoƙi suna rera su a tarurrukan ƙungiyoyin ƙwadago. Nan siyasar fili ta fara. Seeger ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis, saboda haka da Yaƙin Cacar Baka ya yi zafi, sai gidajen rediyo da kamfanonin faifai suka juya wa ƙungiyarsa ta Weavers baya, duk da farin jinin da ta yi a 1950. A 1955 wani kwamitin majalisar wakilai ya kira shi, ya ƙi amsa tambaya game da ra'ayinsa na siyasa. A 1961 aka yanke masa ɗaurin shekara 1, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1962.

Amma hana mawaƙi rediyo bai hana waƙa yaɗuwa ba. Alal misali, wata tsohuwar waƙar coci ta baƙar fata, wadda ma'aikatan kamfanin taba suka rera a yajin aikinsu na Charleston a 1945, ta bi ta makarantar Highlander a jihar Tennessee har ta zama taken masu neman 'yancin baƙar fata. Ranar 28 ga Agusta 1963, mutum wajen 250,000 suka taru a birnin Washinton, Joan Baez da Bob Dylan da Odetta suka yi waƙa a dandalin da Martin Luther King ya yi jawabi. Dalilin ƙarfin irin wannan waƙa shi ne sauƙinta: amshinta gajere ne, ba ta bukatar kayan kiɗa masu tsada, kuma mai tsoro idan ya ji muryarsa cikin muryoyi dubu sai tsoron ya ragu.

Yanzu sai siyasar ɓoye, wadda ta fi shafarmu mu masu nazari. Tambayar ita ce, idan waƙar talaka ta yi kasuwa, wa ke cin riba? Ledbetter ya rasu a 1949 ba shi da wani abin kirki, bayan 'yan watanni Weavers suka sayar da faifai masu ɗimbin yawa da wata waƙa da aka ji daga bakinsa. Kazalika, a 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya yi faifan "Mbube" a Johannesburg, ya sayar da haƙƙinsa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Alan Lomax ne ya sa wa Seeger faifan, Weavers suka sake rera waƙar, daga bisani wasu suka yi mata sabuwar riga, har ta shiga fim ɗin kamfanin Disney a 1994. Linda ya rasu cikin talauci a 1962, iyalinsa kuwa sai a 2006 suka sami sasantawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Ba ina cewa Lomax da Seeger mugaye ba ne. Ba don su ba, da yawancin waɗannan muryoyi sun bi masu su kabari. Abin lura shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ta tsare haƙƙin mawaƙi. Saboda haka, ɗalibin da ya ɗauki rakoda ya nufi ƙauye neman waƙa domin kundinsa, da ma'aikacin da ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar faifai na gidan rediyo ko ma'aikatar al'adu, kowannensu amana ce a hannunsa. Ya rubuta sunan mawaƙin, da garinsu, da ranar da aka ɗauka, ya kuma bayyana masa inda muryarsa za ta, tun kafin ya kunna na'urar.