Haƙƙin Sojan da Ya Faɗi a Fagen Daga: Darasi Daga Rasuwar Abu Ali



A daren 4 ga Nuwamba 2016 mayaƙan Boko Haram suka afka wa sojoji a Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam ta jihar Borno, dab da iyakar Nijar. Cikin waɗanda suka kwanta dama har da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan bataliyar tankokin yaƙi ta 272, yana da shekara 36 a duniya. Yana kan gaba a yaƙin da aka ƙwato Monguno da Baga a watan Fabrairun 2015, kuma a bakin daga, a Gamboru Ngala, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, Janar Buratai, ya liƙa masa sabon muƙami. Da aka zo binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja, akwatuna bakwai aka jera, kowanne lulluɓe da tutar Nijeriya. Ƙasa ta riƙe sunan mutum ɗaya. Mutum nawa a zauren nan zai iya kawo sunan ɗaya daga cikin sauran shidan?

Wannan tambaya ce ginshiƙin laccata. Karrama sojan da ya faɗi ba ta cika sai da abu biyu: a adana sunansa, a kuma sauke haƙƙin iyalinsa. Kowace 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, shugabanni na ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. Madalla da wannan. Sai dai kafin la'asar an watse, matar kurtun da aka bari da marayu kuma tana nan tana zarya tsakanin ofisoshi da takardu a jaka, tana jiran kuɗin mijinta, ga wa'adin tashi daga gidan bariki yana matsowa. Irin wannan kuka matan sojoji sun sha yin sa a bainar jama'a.

Wani zai ce bayyana sunayen waɗanda aka kashe yana karya gwiwar na raye, ya kuma faranta ran abokan gaba. Ɓoye adadi ana tsakiyar gumurzu yana da hujja, amma ɓoyewa har abada ba ta da ita. Sojan da ke cikin rami ya fi kowa sanin wanda bai dawo ba, kuma abin da ke sanyaya masa jiki shi ne ganin an binne abokinsa shiru. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon a ƙasar Burma, an sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Burma. Idan an iya yi wa kakanninmu haka a ƙasar wasu, ba mu da uzurin kasa yi wa 'ya'yanmu a gida.

Wani kuma zai ce mamaci addu'a yake buƙata, ba dutse mai rubutu ba. Haka ne, kuma babu mai neman a kafa gunki. Amma addinin da ya umarce mu da yi wa mamaci addu'a shi ne ya tsananta kan riƙon maraya da biyan bashi. Kuɗin da ke kan gwamnati na sojan da ya rasu bashi ne, ba kyauta ba. Akwai kuma mai cewa ana zargin sojoji da cin zarafin farar hula. A binciki zargin, a hukunta mai laifi. Laifin wani ba ya soke haƙƙin wani.

Saboda haka kirana ga rundunar soja shi ne ta buɗe kundi ɗaya na sunan duk wanda ya faɗi, daga kurtu har janar, da garinsu da ranar rasuwarsa. Majalisa ta sa wa'adin biyan magada, ta riƙa bin sawu. Jami'o'inmu su tattara tarihin waɗannan matasa tun iyayensu na raye. Mu kuma, maƙwabtan marayun, mu leƙa gidajensu ba sai ranar biki ba.

Allah ya jiƙan Abu Ali da waɗanda aka binne tare da shi, ya raya abin da suka bari.