JAWABIN FAƊAKARWA A KAN MINSHARI DA ƊAUKEWAR NUMFASHI CIKIN BARCI

Mutane da yawa sun ɗauki minshari alamar barci mai nauyi, ko abin tsokana tsakanin abokan wasa. Amma akwai minsharin da yake ciwo ne. Shi ne wanda mai barci zai yi ta ja da ƙarfi, sai a ji ya yi tsit, can kuma ya zabura yana shaƙewa kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Abin da ke faruwa shi ne, idan barci ya yi nisa naman maƙogwaro yakan saki, ya toshe hanyar iska. Numfashi yakan tsaya daƙiƙa 10 ko fiye. Likitoci sukan ƙirga sau nawa yake tsayawa ko raguwa cikin awa guda: daga 5 zuwa 14 ciwon bai yi tsanani ba, daga 15 zuwa 29 matsakaici ne, daga 30 zuwa sama kuwa ya tsananta. Ya fi kama masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da maza waɗanda suka manyanta.

Duk lokacin da numfashi ya tsaya, iskar oksijin da ke cikin jini takan ragu, jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara bugu. Watau lokacin da ya kamata zuciya ta samu sauƙi, a lokacin take wahala. Idan aka ɗauki shekaru a haka, yakan jawo hawan jini wanda ba ya jin magani, da rikicewar bugun zuciya, da gazawarta, har da shanyewar ɓarin jiki. Da rana kuma ga ciwon kai da gyangyaɗi, abin da ke da hatsari ƙwarai ga direbobi.

Mai ciwon ba ya jin kansa, saboda haka iyalinsa su ne shaidun farko. Lalle ne matar da ta lura da haka ta sanar da maigidanta, shi kuma ya je asibiti, inda akan gwada numfashinsa dare guda yana barci.

Magani yana farawa da rage ƙiba, da kwanciya a gefe maimakon rigingine, da barin giya da taba da ƙwayoyin sa barci. Idan ciwon ya yi ƙarfi, akwai na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na Ostireliya ya bayyana wa duniya a 1981. Tana hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe, amma tana bukatar lantarki, kuma sai an sa ta kowane dare. Har wa yau akwai abin da likitan haƙori ke ɗora wa haƙora don turo muƙamuƙi gaba. Yara kuwa sau da yawa ƙaramin aiki a maƙogwaro yakan wadatar.

A kiyaye, cire beli wurin wanzami ba ya warkar da wannan ciwo, yana kuma iya jawo zubar jini. Wanda ke shan maganin hawan jini kuma yana irin wannan minshari, ya faɗa wa likitansa tun da wuri.