Zaman Ofis Ake Biya Ko Aiki?

Yau maganar aiki daga gida za mu yi.

Duk wanda ya taɓa zama a Abuja ya san hanyar Mararaba. Ƙananan ma'aikata ba sa iya kama haya a cikin birni, sai su koma Nyanya, ko su tsallaka jihar Nasarawa, su zauna a Mararaba ko Masaka. Mutum ya idar da sallar asuba, ya fito titi ana kokawar mota, ya maƙale a gosulo, ya isa ofis a jigace. Me ya je yi? Ya kunna kwamfuta, ya amsa saƙonni, ya rubuta rahoto. Aikin da zai iya yi a kan tabarmar ɗakinsa. Mu ce awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, awa 20 ke nan a mako. Ba wanda ke biyan shi ko sisi a kansu. Shi ne ma ke biya.

Kuma biyan ya yi tsanani. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 aka tsayar a 2024. To ɗan'uwa, ɗauki biro ka cire kuɗin mota da na abincin rana, ka ga abin da ya rage. Duk ranar da ba ka fita ba, ƙarin albashi ne ba tare da yajin aiki ba.

Kar a ce wai ra'ayin Turawa ne. Gwamnatin Kaduna ta ce daga Disambar 2021 yawancin ma'aikatanta su riƙa aikin Juma'a daga gida. Bayan cire tallafi, Kwara da Edo sun rage zuwa ofis ya koma kwana uku a mako.

Amma ni fa abin da ya fi tsaya min a rai ba kuɗin mota ba ne. Ƙannenmu mata ne. Yarinya ta gama jami'a a Zariya, ta iya lissafin kuɗi ko fassara ko rubuta manhaja, a kira ta aiki a Legas, Baba ya ce ba inda za ta je ita kaɗai. Shi ke nan, takarda ta koma ƙasan akwati. In aikin na intanet ne, gardamar ma ba ta taso ba. Haka mai shayarwa, haka mai lalurar ƙafa da ofishin yake hawa na uku ba lifta. Albashin Legas ne, amma a kasuwar garinmu za a kashe shi.

Na san wani zai ce, ina wutar? Da gaskiyarka. Sai ka tanadi ɗan sola, ga data da aka ƙara wa kuɗi a 2025. Ma'aikaciyar jinya da direba kuwa dole su fita. Sannan ga mutanen gida, da sun gan ka a ɗaki sai ka ji, "Tunda ba abin da kake yi, je ka kai niƙa." Wannan sai an zauna da Hajiya an yi mata bayani cikin ladabi.

In za ka tunkari oganka, kar ka ce ka gaji da hanya. Nemi kwana biyu a mako, gwajin wata ɗaya, ku rubuta abin da za ka miƙa duk Juma'a. Ka roƙi kuɗin data tun a zaman farko, don daga baya da wuya a ba ka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.