Katakon Da Ke Kwana A Waje



Yau zancen katako za mu yi. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu, ai wannan tsakanin maigida ne da kafinta. Haka ne, amma wa ke wanke shi? 'Ya'yan wa ke rarrafe a kansa? Katakon da nake nufi shi ne wanda ke kwana a waje: bencin ƙofar ɗaki, ƙyauren da ruwa ke duka, ginshiƙan rumfa, da dandamalin katako irin wanda wasu ke yi a gaban falo don shan iska. Shi dandamalin a Amurka da Turai aka fi yinsa, amma abin da ke cinsa shi ke cin bencinki, wato rana da ruwa da gara.

Bari in fara da kaina. Mun taɓa sa an yi mana ɗan dandamali a gindin mangwaro, na kafe sai an shafa masa banish, domin ni ƙyalli nake so. Kafinta ya shafa har sau uku, abu ya fito kamar madubi. Damina ɗaya, hunturu ɗaya, sai ga shi yana saɓa kamar maciji, ƙarƙashin kuma ya yi baƙi. Kuɗin da muka biya aka kankare shi ya fi kuɗin banish ɗin.

Daga baya na gane dalili. Katako yana shan ruwa ya kumbura da damina, shi ya sa ƙyaurenki ke ƙin rufuwa a watan Agusta, da hunturu kuma ya bushe ya tsuke. Banish da fenti a sama suke kwanciya kamar fata. Idan katako ya motsa sai fatar ta tsage, ruwa ya shige ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ruɓa ta fara daga ciki. Don haka idan kin je shago, tambayarki ta farko ita ce: wannan a sama yake zama ko shiga jikin katako yake yi? Teburin falo da gadon ɗaki, banish ya yi musu. Abin da rana ke duka kuma ƙafa ke takawa, ki nemi man katako mai shiga jiki, irin su man linsid ko wanda ake kira man tik. Ba ya ƙyalli sosai, amma ba ya saɓa, idan ya kode wankewa kawai za ki yi ki ƙara. A cikinsu ma mai ɗan launi ya fi mai garau kare katako, domin launin ne ke tare hasken rana da ke mayar da katako toka-toka.

Yaya za ki san lokacin shafawa ya yi? Ki yayyafa ruwa. In ya tsaya dunƙule-dunƙule, da sauran lokaci. In ya shige nan da nan ya bar duhu, katako na jin ƙishirwa. A irin ranarmu ta Arewa, ki sa ran sau ɗaya a shekara.

Amma kafin shafi sai an yi wanki, kuma a nan mu mata muka fi yin ɓarna, saboda hannunmu ya saba da dirza. Ki share, ki sa tsinke ki fitar da ƙasa da ganyen da suka maƙale tsakanin katakai, don su ke riƙe danshi. Sannan ruwan ɗumi da ɗan omo da buroshi, ki bi tsawon katakon, kada ki gitta. Sau da yawa wannan ya isa. Soson ƙarfe kuwa ki bar shi a kicin. Yana barin ɓurɓushin ƙarfe a jikin katako, ruwa na taɓawa sai ki ga ɗigo-ɗigon baƙi.

Idan akwai gansakuka ko fumfuna, na san hannu zai tafi ga Hypo ko Jik. Suna kashe ta, ba musu, amma suna kodar da launin katako, su tayar masa da gashi, su sa ƙusoshi tsatsa, su ƙona shukar da ke gefe. In kin samu garin bilic na oksijin, wanda ake damawa a ruwan ɗumi, ya fi sauƙi ga katako. In babu, ki tsarma wancan sosai da ruwa, ki ɗauraye da kyau. Sai gargaɗi, don Allah a saurara: kada ki taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai. Yawancinsu akwai asid a ciki, haɗuwarsu na tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Baƙin da ke zagaye kan ƙusa kuma ba datti ba ne, ƙarfe ne ya haɗu da ruwan katako, bilic ba ya fitar da shi. Asid ɗin okzalik ke ɗauke shi, shi kuma guba ne, sai da safar hannu, nesa da yara.

Bayan wanki ki ba shi kwana biyu ko uku ya bushe. Lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta kankama ta manne a ɗanyen mai. Da safe ko da la'asar ake shafawa, ba da tsakar rana ba. A shafa kaɗan, bayan kamar minti 15 a goge abin da bai shige ba, in ba haka ba ya yi ta danƙo. A ƙosar da bakin katako inda aka yanka, da ƙafafun benci, don ta nan ruwa ya fi shiga. Ƙafafun kuma a ɗora su a kan bulo ko dutse.

Man katako dai ba ya hana gara, wannan aikin magani ne daban, irin su Solignum, wanda ake fara shafawa ya bushe. To a nan ne za ki ji an ce a kawo baƙin mai na mota, ga arha. Ni dai ban yarda da shi ba a inda mutane ke zama. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da sinadarai masu jawo ciwon daji idan fata ta daɗe tana gogarsu, ga ɓata zane, ga yaro ya dafa ya kai hannu baki. A Amurka ma, tun ƙarshen shekarar 2003 aka daina yin dandamali da kayan wasan yara da katakon da aka jiƙa da magani mai gubar asenik. Saboda haka guntayen katakon da aka shafa wa magani ko fenti, kada ki sa su a murhu, hayaƙin da tokar duk illa ne. Turmi da akushi da muciya kuwa, babu abin da zai taɓa su daga cikin waɗannan gwangwanaye.

Saura tsumma. Wanda aka goge man linsid da shi, in aka dunƙule shi aka jefa lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, ba ashana ba komai. Ki ce wa mai aikin ya shanya shi a buɗe a kan siminti har ya bushe ƙarau, ko ya tsoma shi a bokitin ruwa, kuma ki duba da idonki kafin ya tafi.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.